Dutse Kafin Nono

Ran Talata ina tsaye a danja a unguwar Khalidiyya, nan Madina, na taso daga kantin maganin da nake aiki, sai wata a-kori-kura ta tsaya gefena, an lafta mata ɗanyen barsim, ciyawar nan da ake nomawa don dabbobi. An yayyafa masa ruwa, yana ta ɗiga a kwalta. Tsautsayi ya sa na sauke gilashi. Ƙamshin nan na doso ni, wallahi sai na ji kamar an kira sunana daga nesa. Danja ta ba da hannu ban gani ba, na baya suka yi ta danna mini oda har da mai zagi da Larabci.

Tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In na shiga ɗaki sai in fito, in ɗora shayi in manta da shi. Kuma na san dalili. Mako guda ke nan da Baffa, ƙanin mahaifina, ya kira ni ya ce takarda ta zo daga baladiyya, wato hukumar gari: gidaje sun kewaye garkenmu, dabbobi su tashi kafin wata ya ƙare. Ya ce ya gaji, gwiwoyinsa sun gaji, kuma ya sami mahaucin da zai kwashe su gaba ɗaya. Shanu goma sha ɗaya ne suka rage, huɗu nawa ne, don haka ba zai sallama ba sai na ce to. Ya ba ni zuwa Juma'a.

Na san za ka ce shanu kuma a Madina? Haka kowa ke cewa. Nan garin dabino ne da tumaki da raƙuma. Shanun nan aikin mutum ɗaya ne, kakana, mahaifin mahaifina, kuma shi ma dariyar da aka fara yi masa ke nan.

Da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa. Shekarun da ya yi a hanya ban sani ba, don kullum lissafin canzawa yake a bakinsa. Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne ya daɗe a Sudan yana kiwon shanun mutane kafin ya tsallako teku. Da ya sauke farali ya iso Madina, sai ya kama ga-ruwa, garwa biyu a sanda, gida gida. Ya yi aure, ya sami takardun zama ɗan ƙasa, ya sami ɗaki a cikin 'yan uwansa Hausawa. Wani da ya gode Allah ya miƙe ƙafa. Shi kuwa ya ce barci ba ya yi masa daɗi in bai ji numfashin saniya kusa ba.

Wata shekara bayan aikin Hajji ya tarar da wata saniya a kasuwar dabbobi, cikin waɗanda aka tsallako da su don yanka, ta rame har an rasa mai so. Ya saye ta. Masu gonakin dabino suka ce kada ya kuskura ya matso da ita, 'yan unguwa suka ce ba za su kwana da ƙuda ba. Sai ya ja ta ya yi gabas, ya shiga Harra.

In ba ka taɓa taka Harra ba, ba za ka gane haukan da ke cikin wannan ba. Baƙin dutse ne iya ganinka, mai kaifi, mai rami rami, ba inuwa, ba ƙasar da za ka kafa turke. Da rani in ka ɗora masa hannu sai ka cire da sauri. Akuya tana iya masa, raƙumi ma yana lallaɓawa, amma kofaton saniya ba na wurin ba ne. Kwana biyu ƙafarta ta tsage, tana zubar da jini. Ya yaga buhu ya naɗe mata, ya durƙusa ya fara kwashe duwatsu da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har ya share mata wurin kwanciya. Ya share mata hanya zuwa wani kwari da ruwan sama ke kwanciya. Duwatsun da ya kwashe ya jera su, suka zama katanga. Ɗingishi bai bar saniyar ba har ta mutu, Gurguwa ake ce mata, amma ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Duk saniyar da ke garkenmu yau jininta ce.

Daga nan dokarsa ta samo asali, kuma ita na buɗe ido na tarar. Duk wanda ya zo garke, babba ko yaro, ba ya shan nono sai ya ɗauke dutse ɗaya daga fili ya kai katanga. Ba ya ɗaga wa kowa. Na ga limamin unguwarmu ya tattare riga ya ɗauka. Na ga wani Balarabe mai mota, da ya zo saye wa mahaifiyarsa kindirmo, ya tsaya yana gardama, kakana ya rufe ƙwarya ya ci gaba da sabgarsa, har mutumin ya sunkuya don kansa.

Ni ce jikarsa mace ta fari, don haka amarya yake kirana. Ran sunana ya ba ni maraƙa, ita ce asalin shanuna huɗu. Ranar Alhamis ake kai mu garke, mu yini. Lokacin sanyi ya fi daɗi, in an sami ruwa sau ɗaya ko biyu, sai ka ga wata 'yar ciyawa ta leƙo ta tsakanin duwatsu, shanu na bin ta da harshe. Hayaƙin busasshen kashin shanu na tashi, kakata na kaɗa nono a cikin buta tana mita, shi kuma yana kai da komo, don ban taɓa ganinsa a zaune ya gama kofin shayi ba. Ni kuma na iya wayo, sai in zaɓo 'yar tsakuwa kamar ƙwallon dabino in je in ɗora.

"Amarya, wannan ai na ƙuda ne," in ji shi. "Nonon ƙuda za a ba ki?"

In tura baki in ce, "Tsohon miji sai rowa."

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, amma sai na koma na ɗauko na kirki.

Abin da ya fi ba kakata haushi shi ne tashinsa. Sau uku ya kafa garke. Da ya ga fili ya yi sumul, katanga ta kai ƙirji, ya hango an fara aza harsashin gida kusa, shi ke nan ƙasa ta fara cizonsa. Sai ya fita da sanda ya yini, ya dawo ya ce ya ga wuri. Kakata ta ce, "Wurin da duwatsu suka fi yawa ko? Allah ya shirye ka, Malam."

Tashi na ƙarshe a idona aka yi, ina 'yar shekara tara. Na yi kuka ranar, kuka na gaske. Na rungume katanga na ce ba inda za ni, akwai duwatsuna a ciki, na ma san su. Ya bar shanun suna tafiya ya dawo, ya tsaya a kaina yana haki.

"Amarya, katangar za ki tatsa?"

Bai ƙara komai ba. Ya saɓa ni a kafaɗa muka bi shanu.

A garke na ukun nan ya rasu, kuma daga nan muka tsaya. Baffa ya riƙe amana, ba wanda zai ce bai riƙe ba. Ya sa ƙofar ƙarfe, ya yi rumfar kwano, tankar ruwa na zuwa duk mako. Duwatsu suka ƙare a fili, doka ta bi su, don ba abin ɗauka. Gari ya yi ta matsowa muna kallo, Harrar da aka guje wa ta zama unguwa mai tituna da shaguna. Yaranmu suka taso da madarar kwali. 'Yata, in na yi mata Hausa da Larabci take amsawa, da ta ji zancen cewa ta yi, "Khalas, Mama, ku sayar mana ku huta."

Ranar da Baffa ya kira, ban yi masa ladabi ba, kuma ina jin kunyar hakan. Na ɗaga murya na ce wannan katanga hannun kakanmu ne, zan je baladiyya, zan rubuta takarda, ba mai taɓa dutse ɗaya. Ya bar ni na gama sannan ya ce, "Ke da kike zuwa salla salla?" Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Kwana bakwai ina ta tsara yadda zan ceci katanga, ban tuna da shanun ba ko sau ɗaya. Sai da barsim ɗin nan ya dake ni a danja na ji muryar kakana sarai, da hakinsa da komai, yana tambayata ko katangar zan tatsa.

Yau Alhamis da sassafe na je na ɗauki Baffa. A jikin takardar an rubuta cewa akwai filin da aka ware wa masu dabbobi can gabas, bayan gari, amma shi ko kallonsa bai je yi ba. Ya shiga mota yana ƙunƙuni. Muka bar gidaje, muka bar kwalta, har muka iso inda aka kafa 'yan ƙarafa masu lamba. Na kashe mota. Baƙin dutse iya gani, kamar ba a taɓa haihuwar mutum a duniya ba. Ba zan ɓoye maka ba, na ga abin ya fi ƙarfina. Ina da aiki, ina da 'ya, bayana ma ba lafiyayye ba ne.

Baffa ya dogara sanda ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To, kin gani. Wa zai share wannan? Ni? Ko ke da hannun ƙirga ƙwayar magani?"

Na tattare abaya na sunkuya na rungumo wani babban dutse, ya yanke ni a tafin hannu, na ɗaga shi da ƙyar. Na yi taku biyar na ajiye shi inda na ga dama, na tsaya ina haki, ina jiran ya ce in daina shirme mu koma, mahauci na jira gobe.

Ya yi tsaki. Ya nuna da sandarsa can ɗaya gefen.

"Ba nan ba. Manya ta arewa ake fara jerawa, ta nan sanyi ke shigo wa shanu. Haba, kamar ba a gabanki aka yi ba."

Na koma na sake ɗaukarsa. Kafin in juyo na ji ƙarar sanda ta faɗi ƙasa, na waiga, sai ga Baffa ya dafa gwiwa yana sunkuyawa a hankali.