Ganyen da Aka Ƙona Saboda Zuwan Baƙo

Ko ƙwaƙwalwata za ta zubar da komai, ban jin za ta zubar da ranar da aka cinna wa wahalarmu wuta a bayan ofis. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina malamin daji a Birnin Gwari. Mahaifina kuwa yana fama da karkarwar hannu, ga mantuwa, har yakan dube ni ya tambayi ɗan gidan wa ne ni.

Wata tsohuwar Bafulatana a wajen Kakangi ce ke ba mu wani ganye muna dafa masa. Ban ce ya warke ba, amma ya dawo yana riƙe kofi da kansa. Labari ya kai kunnen wani likita mai bincike a Zariya, ya taso takanas. Ya ce ciwon nan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yake kashewa sannu a hankali, yana so ya gwada ya gani ko ganyen na kare su.

Kwana uku muna bin tsohuwar nan a daji, ƙaya na yagar mana ƙafa, don sai a farkon damina tsiron ke fure, kuma likita ya ce in babu fure ba a gane shi. Muka samo ganye, saiwa da fure, muka shanya a barandar ofis. Likita ya koma Zariya ɗauko mota.

Washegari na dawo daga zagaye na tarar baranda fes, hayaƙi na tashi a baya. Shugaban ofishinmu na tsaye yana karkaɗe riga.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ganyen likita?"

Ya ce, "Wannan sharar? Babban baƙo zai zo daga Kaduna, so kake ya ce ofishin gwamnati ya zama ɗakin boka?"

Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Ko tambaya bai yi ba! Baƙon kuwa ko daga mota bai sauko ba, hannu ya ɗaga mana ya wuce. Ni ma ban wanke kaina ba, don shiru na yi, ina tsoron aikina.

Da likita ya dawo muka koma rugar su tsohuwar, ta ce, "Ɗana, fure ya zube, sai baɗi in da rai." Kafin baɗi sun tashi da shanunsu, daga baya muka ji ta rasu. Na yi ta neman tsiron ban bambance shi da 'yan uwansa ba. Mahaifina ya rasu bai san sunana ba, kuma har gobe ba wanda ya san ko maganin ne muka rasa.

Tun daga nan na gane jahilcin mai kujera ya fi na kowa ɓarna, kuma wanda ya gani ya yi shiru, da hannunsa a ciki.