Tashar Katakon da Ta Ƙi Kwancewa

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na tsaya gaban manyan mutane a Riyad ina kokawa da katako, alhali zuwan iyalina yana rataye a kansa.

A tsakiyar shekarun tamanin ne. Ina aikin injiniya a wani ƙaramin ofishin ba da shawara a unguwar Al-Jaradiya. Wata safiya mudir ɗinmu, wato shugaban ofishin, wanda shi ne kuma kafilina mai riƙe da fasfona, ya kira ni ya ce an ba mu bincike: yadda za a rufe tashar lantarki ta nukiliya, a kwance ta ba tare da gubarta ta taɓa kowa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace tashar?"

Ya ce, "Wadda ba a gina ba tukuna, ya muhandis," wato injiniya da Larabci.

Na ɗauka wasa yake. Ƙasar nan kaf ba ta da tasha ko ɗaya, ko fili ba a ware ba. Amma wata bakwai na yi ina rushe ta a takarda. Na rubuta yadda za a fara cire makamashin, a bar wurin ya huce shekara da shekaru, a ɓare gine-ginen waje, sai a ƙarshe a taɓa tukunyar da ke tsakiya. Mudir ya faɗa min ba ɓoye-ɓoye: in kwamitin da ya ba mu binciken ya karɓi aikin, zai sabunta min ikama, wato takardar zama, ya sa hannu a kawo min matata da 'ya'yana biyu. In bai karɓa ba, sai huruj, in tattara in koma gida. Shekara uku ke nan rabona da su.

Da yake manya ba sa karanta doguwar takarda, sai mudir ya ce a ƙera tashar da katako, in riƙa cire ta gaɓa-gaɓa a gabansu. Na ɗauki zane na nufi unguwar Gubaira wurin wani dattijon kafinta, Bakano, wanda ya zo aikin hajji tun yana saurayi ya zauna. Na yi masa bayani har sau uku cewa kowane yanki a ɗora shi kawai, yadda hannu ɗaya zai ɗaga shi. Ya yi min kallon tausayi ya ce, "To, Injiniya." Kwana uku kafin taron na koma na gwada. Komai yana fita sumul, har na yi masa godiya ta musamman. Na lura fuskarsa ba walwala lokacin da nake zare rufin, amma ban kawo komai a raina ba.

Ranar taro da hantsi aka kawo tashar lulluɓe da zane, mutum huɗu suna nishi. Wannan nishin ya kamata ya farkar da ni, domin a da mutum biyu ke ɗaukarta.

Aka zuba gahawa, aka zagaya da dabino da turaren wuta. Shugaban kwamitin, wani tsoho mai farin gemu, ya yi min alama da hannu. Na sa farar safar hannu don burgewa, na yaye zanen, na ce, "Mataki na farko, a ɗage rufi." Na kama rufi na ja. Shiru. Na ƙara ƙarfi. Sai gefen tashar gaba ɗayansa ya taso, har da mayafin teburin. Na ajiye, na yi murmushin da ba na so in sake yin irinsa, na koma kan bututun hayaƙi. Shi ma kamar a nan aka haife shi. Da na sunkuya sai na ga kawunan ƙusoshi a jere, an shafe su da fenti tsaf, ga gam ya bushe a kowace gaɓa.

Mudir ya matso ya raɗa min, "Fasfonka yana durowata, ka tuna." Wallahi a lokacin ba kwamiti nake gani ba, fuskar 'yata nake gani, wadda na bari tana rarrafe. Wani ya kawo sukudireba, ta lanƙwashe. Wani ɗan kwamiti ya naɗe hannun riga ya kama gefe ɗaya, ni na kama ɗaya, muka yi ta ja har rawanin kansa ya zame. Tsohon nan yana kurɓar gahawa yana kallo, can ya ce a je a ɗauko wanda ya yi aikin.

Kafinta ya shigo da garin katako a gemunsa, ya yi sallama, ya shafa rufin yana jin daɗi. Na ce masa da Hausa, "Baba, me na yi maka?"

Ya ce, "Haba ɗana! Da ka tafi na kasa sukuni. Abu ana taɓa shi yana fita, a ce daga shagona ya fito? Kyauta na ƙara maka. Wannan ko jikokinka ba sa ganin bayansa."

Tsohon ya nemi a fassara, kafinta ya ce ba sai an fassara ba, ya maimaita masa da Larabcinsa na kasuwa, ya ƙara da cewa, "Wa yake gina abu yana tunanin ranar rushe shi?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. Sai kuma ya gyara zama. Ya tambayi kafinta kwana nawa ya yi yana ƙerawa. Ya ce tara. Kwancewa fa, ba tare da an fasa komai ba? Kafinta ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Wata guda, kuma ban yi alkawari ba."

Tsohon ya juyo gare ni. "Ta gasken ma haka take?"

Na ce, "Ta fi haka, ranka ya daɗe. Ita a cikinta akwai abin da ke kisa, kuma ba ya ƙarewa a zamanin wanda ya gina ta."

Duk rubutuna na wata bakwai bai yi aikin da wannan magana ta yi ba. Tsohon ya ce a bar tashar yadda take, kada wanda ya zare ƙusa ɗaya. Aka karɓi aikin. Bayan wata biyu ina tsaye a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, 'yata ta fito tana ɓuya a bayan uwarta don ba ta san ni ba. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Tashar gaske dai har na bar ƙasar ba a aza tubalinta ba. Amma da kwangilata ta ƙare bayan shekaru, muka dawo wannan filin jirgin da akwatuna, 'yar nan tawa ta riƙe ƙarfen kujera ta ƙi tashi. Na ce mata gida za mu. Ta amsa min da Larabci, don Hausarta ba ta kai ta yi faɗa da ita ba, ta ce ai daga gida muka fito. Nan na gane ni ma aikin Baba na yi. Na tsara kwance tashar da babu ita, amma ko layi ɗaya ban tanada ba na ranar da zan cire 'ya'yana daga inda na kafa su.

Tun daga ranar, duk abin da zan kafa, kafin in ɗaga guduma sai na tambayi kaina wanda zai zo ya zare ƙusar, da kuma wanda zai ji zafin zarewar.