Ranar da Bencinan Cocinmu Suka Je Lacca

Na zo Gusau daga kudancin Zariya ina saurayi, da zarto da guduma a cikin buhu. Kafinta ne ni. Na kama rumfa a Sabon Gari, kusa da tashar jirgin ƙasa, ina yi wa mutane ƙofofi da tagogi da akwatuna. Bayan shekara biyu na koma gida na ɗauko matata.

Cocinmu ƙarami ne, ginin ƙasa da rufin kwano. Akwai Ibo masu kantuna, akwai Yarbawa ma'aikatan jirgi, sai mu 'yan Arewa. Da na zo a kan tabarmi ake zama. Ni na yi wa cocin benci goma sha biyu, da katakon da wani ɗan kasuwa ya bayar, ina yi kullum bayan na tashi daga aiki. Tun daga nan kula da su ya zama nawa. Kowace Asabar nakan je in duba wanda ya fara girgiɗi in ƙara masa ƙusa.

A shekarun nan ne siyasa ta shigo garin da ƙarfi. Ana ta maganar mulkin kai, ana maganar zaɓe, kowa da jam'iyyarsa. In na sayi jarida na karanta sai raina ya ɓaci, in ban saya ba kuma in kasa zama. Manya suna ta zuwa taro a Ikko da Ingila, suna dawowa a ce za a sake wani taron. Mu kuwa rijiyar unguwarmu ta rufta tun damina, babu wanda ya zo ya leƙa. Sai in ajiye aiki in tafi tashar mota in ji abin da ake cewa, in dawo, in sake fita. Matata ta ce, "Kai da aka ce za ka jefa ƙuri'a kana ta kai da kawo. Mu da aka ce mata ba sa jefawa fa?"

Har cikin coci abin ya biyo mu. Mutanen da da suke leƙa littafin waƙa ɗaya suka raba wurin zama, kowa yana neman 'yan jam'iyyarsu. In an tashi sujada ba a tsayawa gaisuwa kamar da.

Ina da aboki Bazamfare, Musulmi, mutumin Tsafe, direban wata babbar mota mai ɗaukar gyaɗa da auduga. Ni nake gyara masa katakon bodin motar. Ba ruwansa da siyasa, hirarsa ba ta wuce taya da halin hanya. Wata Alhamis da safe sai ga shi a rumfata.

"Malam kafinta, an ce in ɗauki bencinanku in kai Bungudu," in ji shi.

"Wa ya ce?"

"Dattijon nan naku mai kantin yadi. Laccar wata jam'iyya za a yi, manyan baƙi na zuwa. Ni dai wanga aiki haya ce aka ba ni."

Na tafi wurin dattijon, wanda shi ne babba a cikin dattawan coci, fasto kuma ya yi tafiya. Na ce, "Baba, kayan ɗakin Allah ne. In aka ba waɗannan yau, gobe su wancan ɓangaren za su zo." Ya ce yini ɗaya ne kawai, kuma mutanen sun yi alkawarin za su sa baki a ba mu filin makaranta. Ban iya yi masa musu ba, don a haife ya haife ni. Na ce to zan bi bencinan da kaina.

Muka loda takwas, na hau baya na zauna a kansu har Bungudu. An yi rumfa a wani fili kusa da kasuwa, jama'a sun taru har daga Furfuri. Manya suka zauna a bencinan da na yi, ni ina tsaye a rana. Mai magana ya yi alkawarin asibiti da famfo da hanya. Bai gama ba sai 'yan ɗaya jam'iyyar suka ɓullo ta bayan kasuwa suna waƙar zambo. Wani ya yi jifa. Kafin in gane abin da ake ciki an kaure, kuma abin da ya fi kusa da hannun kowa shi ne benci. Ina gani aka ɓalle ƙafar ɗaya aka rafka wa wani tsoho a kafaɗa.

Manyan suka shige ƙananan motocinsu suka tafi. Da 'yan doka suka iso, wanda suka tarar shi ne abokina, yana tsaye gaban motarsa don kada a fasa masa gilashi. Suka kama shi. Na bi su ina cewa direba ne, haya aka ba shi. Ɗaya ya ce in ina so in raka shi, akwai wuri. Na ja baya, kuma har yau in na tuna da wannan ja da bayan sai in ji kunya.

Wata uku aka ɗaure shi. Benci uku ne suka dawo da lafiyarsu, sauran na kwaso su guntu-guntu a wata motar.

Ran Lahadi rabin jama'a suka zauna a ƙasa. Bayan sujada aka yi taro, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi, ana ta magana a kan katako. Na miƙe na ce akwai mutum a kurkuku saboda aikenmu, yana da mata da 'ya'ya a Tsafe. Wata tsohuwa Bayarbiya mai sayar da ƙosai ce ta fara cewa za ta ba da gero. Washegari dattijon ya aiko da buhun dawa da turmin atamfa.

Ni da matata muka kai kayan Tsafe. Mahaifiyarsa ta karɓe mu a zaure, ta sa aka kawo mana fura. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Kai ka kama shi?"

"A'a, Inna."

"To sha furarka."

Da ya fito, mai motar ya riga ya ɗauki wani direba. Ya koma noma a garinsu, daga baya ya samu wata motar mai zuwa Funtuwa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban iya tayarwa ba. Filin makarantar kuwa ba a ba mu ba. Ranar zaɓe na shiga layi tun da hantsi, na kai kusa da ƙofa, na fita na zagaya kasuwa, na sake dawowa na bi layin daga baya. Na jefa ƙuri'ar dab da za a rufe, na wuce rumfa, don akwai ƙofar wani da na yi alkawarin gamawa a ranar.