Matattun Kofur da Kasuwar Waƙa

An ce bara wani dillalin fim ɗan Kano ya kayar da wani tsoho a gardama, nan tashar Zuru. Tsohon ya dage cewa labarin fatalwa ya fi komai kasuwa. Dillalin ya auna littafin a tafin hannu, ya ce, "Baba, kai wa mai ƙosai, ita kaɗai ke sayen takarda marar waƙa." Har masu lodi sai da suka dara.

Ga shi nan yau ma a bakin benci, dogo, busasshe, cikin rigar sanyin soja da ta girmi rabin direbobin nan. Kofur ake ce masa. Littattafan makaranta goma sha biyu ne a cinyarsa, labarin fim ne a kowanne, ba wanda ya sa shi rubutawa, ba kuma wanda ya taya. Da alama yaƙin Laberiya suka je su da yawa, ya dawo shi kaɗai. Komai cikar benci, sai ya bar wurin mutum ɗaya a hagunsa. Yana karkata kunne can, ya gyaɗa kai, ya soke layi, ya gyara.

Hafsat mai shagon kaset ta leƙo. "Kofur, bana soyayya da rawa ake saye. In kana son ciniki ka sake salo, matattunka ba su waƙa."

Bai ko ɗago kai ba.

"Suna yi, ɗiyata. Na ƙi rubutawa ne, don da sunanki suke amshi."