Zaren Gwadona a Cikin Randa

Shekarar da aka sa mini rana, Baba ya yi wadarin gwadon aurena ana gab da faɗuwar damina. Masaƙi ne, amma idanunsa sun fara hazo, ya kuma ce daga wannan ya ajiye ƙoshiyar saƙa. Ya ja zaren tsakanin turaku a ƙofar gida, fari da baƙi, ya shafe shi da ƙullun gero don ya yi ƙwari, ya shanya, ya naɗe. Sai ga hadari. Gona na jiransa a Garu, saƙa kuwa sai da kaka.

Ƙullun nan gyare na sonsa, ɓera na sonsa, gara ta fi kowa. Baba ya zuba ganyen dogon yaro a randa, ya kwantar da zaren, ya ƙara ganye, ya kife kasko ya liƙe bakin da laka. Ya ɗora ta kan duwatsu a ɗakin Inna, nesa da bango.

"Kada kowa shi buɗe," in ji shi. "In iskar damina ta shiga, hunhuna za shi yi."

A littattafan soyayyar da nake saye a kasuwa, budurwa ƙarar mota take jira. Ni randa nake gadi. In ɗauki littafi, in ajiye. In ji babur daga hanyar Ƙonni, in leƙa ko mai nemana ne ya dawo da kaya, sannan in koma in kara kunne jikin randar.

"Mi ta ce miki yau?" Inna kan tambaye ni. "Ko ango na ciki?"

Wata safiya bayan ruwa na ga hanyar gara, siririya, ja, ta hau dutse ta manne a gindin randar. Na ɗauko wuƙa zan ɓamɓare lakar. Inna ta riƙe mini hannu.

"In randa ta tsage ta ƙasa fa?" na ce. "Wa zai sake yi mini wani?"

"In kin buɗe kin gama ma gara aikinta. Ɗebo toka, ɗiyata."

Muka kankare hanyar, muka zagaye duwatsun da toka. Amma abin da ke ciki ba wanda ya sani. Sauran daminar na yi ta ne tsakanin murhu da ɗakin Inna ina kwasar toka, har ta ce zan ƙarar mata da itace.

Da aka yanke gero Baba ya dawo. Ya fasa lakar, ya tura hannu, ya bi zaren da yatsu yana lalube, bai ko dube shi ba. Ya daɗe.

"Kawo min ƙoshiya," ya ce.

Na so gwadon ya yi ƙamshin turare kamar na amaren littafi. Ɗacin dogon yaro yake yi, kuma na ƙi yarda a wanke shi sai bayan na tare.