Habbanayen Ɗan Ƙwallon Kwando

Ana sallame sallar asuba muka bar Maraɗi a bayan kamiyon kaya, ni da wani saurayi ɗan ƙwallon kwando da ya zauna a gidana lokacin yana lakwal, wato makarantar boko. Ya buga wa ƙungiyar Maraɗi, ya koma ta Yamai, daga can sai Dakar, yanzu kuma wata a Faransa ke nemansa. Ya rantse ba zai tafi ba sai da yardar mahaifinsa, tsohon kuwa ya aiko cewa ya dawo gida. Ni aka ɗauko in yi lallashi, don an san bakina ba ya gajiya.

Hanyar Dakoro sunan hanya kawai gare ta. Kafewar da muka yi cikin yashi ta fi tafiyar yawa, kuma duk sanda muka kafe sai direba ya ce dogon nan ya sauko ya tura. A Kornaka muka sha furar dala ɗaya, mai tsamin da ya wartsake ni sarai. Jandarman bakin Dakoro ya ɗaga kai ya dubi abokin tafiyata, ya tambaya ko shi ne sandar da za a ɗaura wa sabuwar tutar ƙasa.

Muka sayi cuku a kasuwa, muka hau jakuna zuwa rugarsu, can wajen Korahane. Ƙafafun saurayin na jan ƙasa, ban san ko shi ke ɗauke da jakin ba.

Mun tarar da tsohon yana tatsa, yana yi yana hutawa saboda tari. Na zuba bayani kan ɗaukaka da sunan ƙasa. Bai katse ni ba sai da na ƙare don kaina.

Ya ce, "Malam, ka san habbanaye? Ka ba mutum aron saniya, ta haihu mishi sau ukku, ya riƙe maruƙan, ya maido maka abinka. Na ba Maraɗi, na ba Yamai, na ba Dakar. Ukku ta cika."

Saurayin ne ya durƙusa ya ce, "Baba, waɗancan nono kaɗai sunka sha. Ban haihu ma kowa ba tukuna."

Da safe tsohon ya yanko guntun dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, ya ɗaura wa ɗansa a hannu. Da ƙyar ƙullin ya kamu.

Ya ce, "Tahi. Amma ka hwaɗa ma Nasara aro ne. Kuma ka san al'ada: ko mai saniya ya mutu, garkensu taka komawa."

A hanyar dawowa kamiyon bai kafe sosai ba, fura ma ta fi daɗi, amma saurayin bai sha ba. Tausayinsa ya kama ni har muka shiga Maraɗi.

Na je koya wa makiyayi yadda duniya take tafiya, na dawo na gane ya riga ni sani. Ya ce ɗansa zai dawo garke. Bai ce zai jira shi ba.