Na Binne Irin Geron Kakanmu Gaba Ɗaya

Edita, a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe a cikina. A shekarar da naira ta fito ina saurayi mai ji da ƙarfi a wani ƙauye arewa da Ɓaɓura, kaina na rawa, ba na jin kira. Abin alfaharina shi ne kakanmu, Babarbare ne da ya baro can arewacin Damagaram daga shi sai jaki da jakar irin gero, ya sari daji ya kafa gidanmu. Geron nan gajere ne mai gashi a zangarniya, tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, kuma yana riga na kowa nuna. Mahaifinmu yana ji da shi kamar ɗansa na fari. Ni kuwa duk wautar da zan tafka sai in bugi ƙirji in ce jinin kasada ne, gado muka yi.

Da bazara ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, aka kai shi asibiti a Kazaure. Kafin a tafi da shi ya ja mini kunne, ya ce kada in taɓa iri sai an yi ruwan da ya jiƙa ƙasa sosai. Ina! Hadari na haɗuwa yana watsewa, ni kuma jikina na tsuma. Na yanke shawarar yin binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Mutane kan yi binne da ɗan kaɗan, ni sai na sussuke irin duka na zuba, ina ta murna Baba zai dawo ya tarar da gona kore shar. Aka yi ɗan yayyafi, gero ya tsiro gwanin sha'awa, daga nan sama ta ɗauke. Ina ji ina gani ya ƙone ƙurmus. Da Baba ya dawo bai zage ni ba, bai dake ni ba. Ya leƙa rumbu ya ga babu ko zangarniya ɗaya ta iri, ya zauna a gindinsa hawaye na bin gemunsa. Wallahi da dukan ya yi mini da ya fi sauƙi.

Washegari na ɗaura ɗan guzuri na ce sai garin kakanmu neman iri, alhali sunan garin kawai na sani. Motar kasuwa ta sauke ni a bakin iyaka, na ci gaba a ƙasa. Fari ya ci arewa, jama'a na ta kwararowa kudu da 'ya'yansu a kafaɗa, ni kaɗai nake keta su ina yin arewa, wasu na tambaya ko lafiyata ƙalau. Ga mushen shanu ko'ina, ƙishirwa ta sa har na fara ganin biyu-biyu. Amma in faɗi gaskiya, wani irin daɗi nake ji, domin ina taka hanyar da kakana ya tako.

Na tarar da garin rabinsa kango. Ina cikin tambaya sai wata tsohuwa ta ƙura mini ido, ta ce in yi tafiya ta gani. Na taka kaɗan, sai ta rafka salati ta rungume ni, ta ce wannan tafiyar yayanta ce. Ashe ƙanwar kakana ce! Da na gaya mata ɓarnar da na yi, sai ta yi dariya har da tari, ta ja ni ɗakinta ta tone wata 'yar tukunya da aka liƙe bakinta da laka. Geronmu ne, da gashinsa da komai! Na yi tsalle har kaina ya bugi rufin ɗaki. Ta ce ranar da yayanta zai tafi, sai da ya raba irin biyu ya bar mata rabi, ya ce in daji ya cinye shi kada geron ya bi shi. Kowace shekara tana sabunta shi, kuma duk yunwar nan ta ɓoye shi har ga 'ya'yan cikinta. Ta raba biyu ta ba ni rabi. Da na yi ƙoƙarin roƙon ƙari, ta harare ni ta ce ai irin wannan halin ne ya kawo ni.

Da na dawo gida, Baba ya karɓi irin nan ya adana. Daminar da ta biyo baya ta yi kyau, da kaka na ɗauki zangarniyoyi mafi kyau na koma in kai mata tukuici. Na tarar ta rasu, garin ya watse, ba wanda ya san inda tukunyar ta shiga. Rabin da ta ba ni shi kaɗai ya saura a duniya. Na zauna a kangon ɗakinta na yi kuka kamar yaro.

Ni da nake taƙama da jinin kasada, ashe rabin labarin kakana kawai na riƙe. Na san ya fita, ban san abin da ya bari a baya ba. 'Yan'uwa matasa, ban ce kada ku fita nema ba, mu ma fita ce ta kafa mu. Amma kafin ku ce gado kuka yi, ku zauna da tsofaffinku ku ji labarin har ƙarshe. Kuma duk abin da ba naku ne ku kaɗai ba, kada ku zuba shi duka a rami ɗaya, domin ba kowa ne ke da tsohuwa a arewa tana ajiye masa rabi ba.